Zazzaɓi Ya Sauka, Yaro Bai Tashi Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cututtukan Ƙuruciya da Ciwon Gajiya Mai Daɗewa

Yawancin yara idan suka yi zazzaɓi, mako guda ya isa a gan su a layi suna guje-guje. Amma akwai wanda zafin jikin zai sauka, maganin ya ƙare, shi kuwa ya kasa komawa yadda yake, har wata uku, wata shida, wani ma shekara. Waɗannan amsoshi domin iyayen irin wannan yaro ne da malamansa, da kuma manyan da gajiya ta addaba suna tunanin ko wata cutar da suka yi suna ƙanana ce ta biyo su. Karanta su ba zai wadatar da mutum daga ganin likita ba.

Wane ciwo ne wannan, kuma me ya raba shi da gajiyar da kowa ke yi?

Ciwon gajiya mai daɗewa ne, likitoci suna taƙaita sunansa da ME/CFS, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A 2015 wani kwamitin masana na Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka ya fayyace alamominsa: mutum ya kasa yin abin da ya saba yi har wata 6 saboda gajiya mai tsanani wadda hutu ba ya kore ta, ya yi barci ya tashi kamar bai runtsa ba, jiki ya ƙara rushewa bayan ɗan aiki kaɗan, sannan ko dai tunani ya dushe ko kuma jiri da bugun zuciya su taso idan ya daɗe a tsaye.

Waccan alama ta rushewar jiki bayan aiki ita ce ginshiƙin ciwon, kuma ita ce ta fi ruɗa iyaye. A ɗauki yarinya 'yar shekara 14. Ranar Asabar ta ɗan ji dama, ta share tsakar gida, ta ja ruwa guga uku, da yamma ta tafi islamiyya. A daren babu abin da ya faru, har uwa ta yi hamdala. Sai ranar Lahadi da yamma ko Litinin da safe a tarar da ita a kwance, ɗaga kai ma aiki ne, maƙogwaro na ciwo, gaɓoɓi na tsami, hasken taga na damunta, aka tambaye ta abu sai ta yi jim tana neman kalmar da za ta faɗa. Haka za ta yi kwana uku ko mako. Wannan jinkiri, wanda ya kan kai awa 12 zuwa 48 tsakanin aikin da faɗuwar, shi ke sa a ce ai shekaranjiya ras take, yau da ake maganar makaranta ne ciwon ya tashi. Alhali aikin shekaranjiyan ne ya kwantar da ita.

Da gaske ne kamuwa da ƙwayar cuta na iya jawo shi?

Da gaske ne, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi. Mafi yawan masu ciwon za su iya nuna lokacin da ya fara, kuma sau da yawa lokacin wani zazzaɓi ne da ba su taɓa murmurewa daga gare shi ba.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a yankin Dubbo na ƙasar Ostareliya, aka buga a 2006. An bi mutum 253 tun daga lokacin da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku mabambanta: ƙwayar Epstein-Barr mai kawo kumburin kaluluwa, zazzaɓin Q da ake ɗauka daga dabbobi, da ƙwayar Ross River da sauro ke yaɗawa a can. Bayan wata 6, kimanin kashi 11 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ciwon gajiya mai daɗewa, kuma adadin kusan ɗaya ne a duka cututtukan uku. Abin da ya fi nuna wanda zai daɗe a kwance shi ne tsananin ciwon farko. Halin mutum ko damuwarsa ba su ne suka nuna ba.

An ga makamancin haka a wasu wurare. A birnin Bergen na Nowe, ruwan famfo ya gurɓata da ƙwayar giyadiya mai sa gudawa a 2004, aka tabbatar da cutar a jikin mutum sama da 1,200. Shekara 3 bayan haka, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna fama da gajiya mai daɗewa, alhali a cikin waɗanda ba su kamu ba kashi 12 ne. A Hong Kong, cikin waɗanda suka tsira daga annobar cutar numfashi ta SARS a 2003, kashi 27 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ciwon bayan kusan shekara 4. Waɗanda suka tsira daga Ebola a Saliyo da Laberiya da Gini su ma da yawa sun daɗe da gajiya da ciwon gaɓoɓi.

Wace cuta ce aka fi dangantawa da shi a wurin yara da matasa?

Zazzaɓin kumburin kaluluwa, wanda likitoci ke kira mononukiliyosis, kuma ƙwayar Epstein-Barr ce ke kawo shi. Ta miyau ake ɗaukarta. Alamominsa zazzaɓi, ciwon maƙogwaro mai tsanani, kumburi a wuya, wani lokaci saifa ma ta kumbura. Idan aka ba mai shi amoksisilin bisa zaton ciwon maƙogwaro ne kawai, sau da yawa ƙuraje kan feso masa a jiki.

A birnin Shikago na Amurka, Dakta Ben Katz da abokan aikinsa sun bi matasa 301 'yan shekara 12 zuwa 18 da suka yi wannan zazzaɓi. Bayan wata 6, kashi 13 cikin 100 suna da ciwon gajiya mai daɗewa. Bayan shekara 1 ya koma kashi 7, bayan shekara 2 kashi 4, kuma mafi yawansu 'yan mata ne. A lura da yadda adadin yake raguwa, domin akwai kwantar da hankali a cikinsa. Daga baya Farfesa Leonard Jason da Katz suka yi wani aikin da ya fi wannan tsari: sun ɗauki bayanan ɗaliban jami'a 4,501 tun suna lafiya lau, suka jira. 238 daga cikinsu suka kamu, kuma bayan wata 6 kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kamun sun cika sharuɗɗan ciwon.

An ce kusan kowa na ɗauke da Epstein-Barr. Ke nan duk muna cikin haɗari?

A'a. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, kuma idan ta shiga jiki ba ta fita, sai dai ta kwanta a cikin wasu ƙwayoyin jini na garkuwa. Ita kanta ƙwayar daga Afirka aka gano ta: a 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ta a cikin samfurin wani ciwon daji na yara da aka aiko daga Yuganda, ciwon da likita Denis Burkitt ya bayyana.

Shekarun da mutum ya gamu da ita ne ke kawo bambanci. Wani binciken da aka yi wa jarirai a Akara ta ƙasar Gana a shekarun 1970 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 sun kamu kafin su cika shekara 2, kuma ba su yi wannan zazzaɓi mai kwantarwa ba. A gidajenmu da ake tauna wa jariri abinci, ake shan ruwa da moɗa ɗaya, yaro kan ɗauke ta tun yana goye, ta wuce kamar mura ko ma ba a lura ba. A Turai da Amurka kuwa da yawa ba sa gamuwa da ita sai sun balaga, a lokacin ne garkuwar jiki ke yi mata faɗa mai tsanani, a nan ne kuma gajiya ke biyo baya. Saboda haka idan aka yi wa mutum gwajin jini aka ce an ga alamar tsohuwar Epstein-Barr, wannan bai tabbatar da komai ba. Da za a gwada maƙwabcinsa mai ƙoshin lafiya, kusan tabbas za a gani.

Na yi ƙyanda da ƙarambau ina ƙarami, yanzu na haura shekara 30 gajiya ta kama ni. Su ne suka dawo?

Nan ne ya kamata a yi hattara, domin ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko: mutum ya kamu da cuta, daga nan gajiyar ta ɗore ba tare da ya warke a tsakani ba. Wannan an tabbatar da shi sau da yawa. Na biyu: yaro ya yi ƙyanda ko ƙarambau ko hangum, ya warke sarai, ya yi shekara 20 yana noma yana ƙwallo, sannan ciwon ya bayyana a ce waccan cutar ce. Wannan na biyun hujjarsa ba ta da ƙarfi. Kusan kowane yaro ya yi waɗannan cututtuka, mai ciwon da marar ciwon, kuma wanda ke kwance yana neman dalili ya fi mai lafiya tuna duk wani zazzaɓin da ya taɓa yi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a bi yara tun daga haihuwa. A Birtaniya an yi haka da dubban yaran da aka haifa a 1970. Russell Viner da Matthew Hotopf suka duba bayanansu, suka buga sakamakon a 2004: waɗanda suka yi wani doguwar rashin lafiya mai taƙaita su a ƙuruciya sun fi samun ciwon gajiya kafin shekara 30, da sama da ninki biyu. Matsalar ɗabi'a ko damuwa a ƙuruciya kuwa ba ta nuna alaƙa ba. To amma doguwar rashin lafiya ba lallai ta zama ta ƙwayar cuta ba, kuma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai yiwuwa jikin da tun asali garkuwarsa ke da wani rauni shi ne ya sha wahala yana yaro, ya sake sha yana babba.

Gaskiya ne wasu ƙwayoyin cuta suna ɓuya shekaru. Ƙwayar ƙarambau tana kwanciya a jijiya, ta farka bayan shekara 40 ko 50 ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. Ƙyanda kuma tana goge wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta koya, ta bar yaro a buɗe ga wasu cututtuka. Waɗannan su ke sa masana ba su rufe ƙofar tambayar ba. Amma a ganina, wanda ya haura 30 gajiya ta kama shi, ya fi masa amfani ya duba abin da ya same shi a shekarar da ta fara da ya ɗora wa ƙyandar firamare.

Shan inna fa?

Wannan daban ne, kuma ya shafe mu ƙwarai. Shan inna cutar ƙuruciya ce da aka tabbatar tana dawo da gajiya bayan shekaru masu yawa. Tsakanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda ta taɓa shanye wa gaɓa sukan fara jin sabon rauni, ciwon tsoka da gajiya mai nauyi bayan shekara 15 zuwa 40. Ba ƙwayar ce ta farka ba. Jijiyoyin da suka tsira ne suka ɗauki aikin waɗanda suka mutu, suka yi ta ɗauka har suka fara gazawa.

An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Amma waɗanda ta shanye a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi a shekarun 1980 zuwa 2000 suna nan tare da mu, kuma yanzu ne suke shiga shekarun da wannan ke bayyana. Mutumin da ya shekara 25 yana tuƙa kekensa da hannu zuwa kasuwa, idan ya ce kafaɗunsa sun fara ƙi, a saurare shi. Ba ME/CFS ba ne, sunansa daban, amma shi ma tilasta wa jiki yana ƙara masa lahani.

Maleriya da taifot da yaranmu ke yi a kai a kai, su ma suna jawo shi?

Maleriya mai maimaituwa tana kawo gajiya ta hanyar da aka sani sarai: tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, jini ya yi ƙaranci, yaro ya yi fari fat yana haki. Wannan yana da magani, kuma shi ya kamata a fara nema. Ciwon gajiya mai daɗewa ma akwai shi a ƙasar nan. Mary Gloria Njoku da Leonard Jason da abokiyar aikinsu sun buga wani bincike a 2007 da ya kiyasta kashi 0.68 cikin 100 na manya a Najeriya, adadin da bai gaza na Amurka ba. Maganar cewa ciwon Turawa ne ko na 'yan hutu ba ta da tushe.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi da irin wannan yaro. Duk wata a kai shi kemis, a ce maleriya da taifot, a ba shi allura da ƙwayoyi. Gwajin Widal da ake dogara da shi yakan nuna alama a jikin mutanen da ba su da taifot, musamman a inda cutar ta yi yawa. Sai yaro ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye biyar, cikinsa ya lalace, aljihun uba ya huje, ainihin abin da ke damunsa kuwa ba a ko kalle shi ba.

Muna kiwo a gida. Akwai abin da ya shafi dabbobi?

Akwai. Zazzaɓin Q daga awaki da tumaki da shanu ake ɗaukarsa, musamman ta ƙurar turke da mahaifa da ruwan haihuwar dabba. A ƙasar Holan ya kama mutum sama da 4,000 tsakanin 2007 da 2010 daga gonakin awaki, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu kamuwa da shi kan daɗe da gajiya. Sai bakkale, mai sa shanu ɓari, wadda ke shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ta kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufar dare, ciwon baya da gajiya na watanni. Ita tana da magani idan an gano ta. Ku gaya wa likita idan yaro yana kiwo, ko yana taimakawa wajen haihuwar dabba, ko yana shan ɗanyar madara, domin ba kowane likita ne zai tambaya ba.

Korona ta ƙara wani abu?

Ta ƙara sosai. Wani babban bincike na gwamnatin Amurka mai suna RECOVER ya bayar da rahoto a farkon 2025 cewa kashi 4.5 cikin 100 na manyan da suka kamu sun cika sharuɗɗan ME/CFS, alhali a cikin waɗanda ba su kamu ba kashi 0.6 ne. Yara ma suna samun doguwar korona, wato alamomin su ɗore watanni bayan kamuwa, ko da yake ba kamar manya ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anarta ta musamman ga yara a 2023.

Ta yaya cutar da ta tafi za ta bar gajiya? Kuma me ya sa wannan yaron, ba ƙaninsa da suka kwanta tare ba?

Masana suna bin hanyoyi da dama. Akwai masu ganin garkuwar jiki ce ta ƙi lafawa bayan an gama yaƙin. Akwai masu ganin ɓurɓushin ƙwayar cutar ne ya maƙale a hanji ko wani wuri, ko kuma tsohuwar ƙwaya irin Epstein-Barr ce ke farkawa. Wasu na duba jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da hawan jini, wasu na duba yadda tsoka ke samar da ƙarfi. An gwada masu ciwon a kan keken motsa jiki kwana biyu a jere, aka ga a rana ta biyu ƙarfinsu ya faɗi, abin da ba ya faruwa ga mai lafiya ko da rago ne.

An taɓa yin tuntuɓe a wannan fage. A 2009 aka yi shelar an gano ƙwayar da ke jawo ciwon, mai suna XMRV, marasa lafiya suka yi murna. A 2011 aka janye rahoton, domin ashe gurɓatar ɗakin gwaji ce. Don haka duk wanda ya ce muku ya gano sababi guda kuma yana sayar da maganinsa, ku riƙe kuɗinku.

Game da wanda yake kamawa: mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu, kuma bambancin yana fitowa ne bayan balaga. Bayanan asibitocin Nowe sun nuna lokuta biyu da ya fi farawa, shekara 10 zuwa 19 da kuma 30 zuwa 39. Gado ma na da hannu. A watan Agustan 2025 binciken DecodeME na Jami'ar Edinbara, wanda ya duba ƙwayoyin halittar masu ciwon sama da 15,000, ya sanar da wurare 8 da suka bambanta da na sauran mutane, wasunsu kuma sun shafi yaƙi da ƙwayoyin cuta da aikin jijiyoyi.

Ana ɗaukarsa daga mai shi?

A'a. Cutar farko da ta tayar da shi ana iya ɗaukarta a lokacinta, amma shi ciwon gajiyar ba ya yaɗuwa. Babu dalilin ware masa kwano ko hana 'yan uwa shiga ɗakinsa.

Allurar rigakafi na jawo shi?

An bincika. A Nowe, bayan annobar murar 2009, an duba bayanan al'ummar ƙasar kusan gaba ɗaya: waɗanda suka kamu da murar haɗarinsu ya ninka biyu, waɗanda aka yi wa allurar kuwa bai ƙaru ba. An kuma duba allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa a 'yan matan ƙasar, ba a ga ƙari ba. Cutar ce abin tsoro.

Kakarsa ta ce sammu ne, babansa ya ce lalaci ne, malami ya ce gudun makaranta ne. Wa ke da gaskiya?

Rashin yarda da masu wannan ciwo tsohon abu ne, kuma ba a gidajenmu kaɗai ba. A 1955 wata cuta ta kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free na Landan, har aka rufe shi na wani lokaci, wasunsu kuma ba su taɓa warkewa ba. A 1970 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, McEvedy da Beard, suka karanta tsofaffin takardun ba tare da sun duba ko mutum ɗaya ba, suka ce firgici ne kawai ya kama mata. Wannan hukunci ya cutar da marasa lafiya shekaru da dama.

Ku lura da yaron da kyau. Mai gudun makaranta yana warkewa ranar Asabar da ranar sallah. Wannan kuwa yana jin abokansa suna ƙwallo a waje yana kuka don ya kasa fita. Mai ciwon damuwa sha'awar komai ce ke fita daga ransa, kuma sau da yawa fita da motsi na sa ya ɗan ji sauƙi. Wannan yana da sha'awar, jikin ne ya ƙi, motsin kuma ƙara kwantar da shi yake yi. Zai iya haɗa biyun, domin doguwar jinya tana karya zuciya, kuma idan haka ta faru a nemi taimako a kan damuwar ita ma.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba. Abin da nake roƙo a daina shi ne duka, da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗura jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da yawo da yaro gari-gari a mota yana wahala.

Wane gwaji ake yi?

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. Likita yana gane shi ne daga labarin ciwon, bayan ya kawar da sauran abubuwan da ke kama da shi, kuma a wurinmu suna da yawa: ƙarancin jini, sikila, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon hanta, ciwon suga, ciwon ƙoda, matsalar maƙoƙo, tsutsar ciki, tsargiya, tamowa, da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba. Ga budurwa a tambayi yawan jinin al'ada. Yawancin waɗannan suna da magani.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin kuɗi: a auna bugun zuciya da hawan jini yana kwance, sannan a tsaye har minti 10. Idan bugun matashi ya ƙaru da 40 ko fiye a minti ɗaya yana jin jiri, akwai matsalar tsayuwa. A yi shi a gaban ma'aikacin lafiya, domin yaron na iya suma. Irin waɗannan yara ne ke zubewa a taron safe na makaranta. Ƙa'idar 2021 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta ce a fara zargin ciwon a yaro bayan mako 4, a tabbatar bayan wata 3. Ba sai an jira rabin shekara kafin a fara sassauta masa ba. Ku je da littafin da kuka rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda ya kwana, zai taimaki likita fiye da dogon bayani.

In tilasta masa motsa jiki don ya yi ƙarfi?

Kada ku yi. Shekaru da yawa likitocin Ingila suna sa marasa lafiya su riƙa ƙara motsa jiki mako-mako ko da suna jin ciwo. Marasa lafiya suka yi ta cewa abin na ƙara kwantar da su, har a watan Oktoban 2021 NICE ta cire wannan hanya daga ƙa'idarta.

Abin da ake ba da shawara yanzu shi ne tattalin ƙarfi. Ƙarfin yaron kamar ruwan randa ne a unguwar da famfo ba ya zuwa kullum: akwai shi, amma sai an auna, kuma idan aka ƙarar da shi da safe ba a san ranar da zai dawo ba. A gano iya abin da zai yi ba tare da ya faɗi gobe ba, a tsaya a ƙasa da wannan. A rarraba aiki, a huta kafin gajiya ta zo, ya yi wanka a zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Karatu da hira da kallon waya da hayaniyar biki duk suna cin ƙarfi kamar jan ruwa. Ranar da ya ji dama ita ce mafi haɗari, domin a ranar ne yake son ya rama duk abin da ya wuce shi. Kwanciya gaba ɗaya ba tare da larura ba ita ma ba a so, a bar shi ya yi ɗan abin da jikinsa ya ɗauka.

Babu maganin da ke warkar da ciwon kansa, amma likita na iya taimakawa a kan barci, ciwon kai da na jiki, da jiri. Yawan shan ruwa da ɗan ƙarin gishiri na taimaka wa masu jiri, idan likita ya ga babu hawan jini ko ciwon ƙoda. Ƙarin ruwa ta jijiya da allurar ƙarin jini ba tare da gwaji ba asarar kuɗi ce.

Makaranta da sallah da azumi fa?

A zauna da shugaban makaranta da takardar likita. Rabin yini, ko darasi biyu a rana, ko kwana uku a mako, ya fi a matsa masa ya yi zango ɗaya cur ya kwanta shekara. A ɗauke masa taron safe da shara da wasanni. Idan makarantar kwana ce, sau da yawa dawo da shi gida ya fi. Ɗage WAEC ko JAMB da shekara guda yana da zafi, amma ana gyara shi. Boko da islamiyya da hadda a rana ɗaya sun yi masa yawa, a zaɓa.

Addini ya yi wa marar lafiya rangwame: ya yi sallah a zaune idan tsayuwa na kawo jiri, azumi kuma a tuntuɓi likita da malami, domin ƙishirwa a zafin bazara na tsananta jirin ƙwarai.

Zai warke?

Yara da matasa sun fi manya samun sauƙi nesa ba kusa ba. Dakta Katherine Rowe ta asibitin yara na Melbon ta bi matasa 784 na tsawon shekaru, ta bayar da rahoto a 2019: kashi 38 cikin 100 sun ce sun warke bayan shekara 5, kashi 68 bayan shekara 10. Da yawa daga cikin sauran ma sun koma karatu ko aiki, kaɗan ne suka ci gaba da jin jiki sosai. Matasan sun ce abin da ya fi taimaka musu shi ne a yarda da su, da kuma makarantar da ta sassauta musu suka ci gaba da karatu.

Yaushe ne za a daina jira a garzaya asibiti?

Idan yaro yana ramewa, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko yana jiƙa shimfiɗa da zufa cikin dare, ko tari ya wuce mako 2. Idan idanu sun yi rawaya, ƙafafu ko fuska sun kumbura, yana haki ko a zaune, ko akwai jini a fitsari ko bayan gida. Idan kumburin wuya ko muƙamuƙi yana ƙara girma, ko wani ɓangare na jiki ya shanye, ko ciwon kai ya zo da amai da sanƙarewar wuya. Idan wanda ya yi zazzaɓin kaluluwa ya ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, domin saifa na iya fashewa, shi ya sa ake hana shi ƙwallo da kokawa na aƙalla wata guda. Haka kuma idan ya kasa ci da sha, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi a ranar.